Kujera Ta Biyu

A layi na arba'in da bakwai ya gano matsalar, ya ja tsaki.

Mahaifinsa, tsohon mai buga tafireta a sakatariyar Gummi, ya shafe wata huɗu yana koyon rubuta wa kwamfuta umarni a wani shago na bakin kasuwa, tun da mutuwa ta kwashe abokan dararsa ɗaya bayan ɗaya. Dara ya haɗa, gurbi talatin, kowane ɓangare 'ya'ya goma sha biyu. Amma da ya ajiye ɗa na farko sai wasan ya tsaya cak. Shi ne ya aika Sakkwato a kira ɗansa mai difloma.

"Baba, ai ba lalacewa ta yi ba. Jira take wani ya zauna ya yi ɗaya ɓangaren. Ba ka koya mata ramawa ba."

"Na sani," in ji tsohon a hankali.

Ɗan bai ji ba, hankalinsa na tasha, motar komawa ta kusa cika. A tsaye ya goge layin, ya rubuta layi ashirin a madadinsa. Tsohon ya ajiye ɗa, na'urar ta rama nan take. Kafin la'asar, har ta cinye shi sau biyu.

"Ka gani? Yanzu ba ka buƙatar kowa."

"Allah shi yi albarka."

A bakin ƙofa ɗan ya waiwayo. Tsohon yana jan kujera ta biyu zuwa jikin bango, wadda tun safe ya goge, ya aza mata matashi domin ɗansa.