Mai Sunan Baba

Tun da aka ƙirƙiro na'urar da ke tatso tsohuwar magana daga bangon ƙasa, kowa ya koma rushe gidan ubansa. Ni ma na bi sahu. Na ɓantaro kusurwar zaurenmu, inda aka tsinci gawar yayata Hansatu tun ina firamare, na rungumo a buhu kamar mai kai jinjiri asibiti, ga ni da furfura da tumbi.

A ofishin na'urar, sai bayan azahar layi ya zo kaina.

"Baba, bangon nan naku duk tari ne da hirar tsofaffi," in ji ma'aikaciyar wurin. "Tsaya, ga muryar mace."

Hansatu ce, har da 'yar dariyar nan tata. Wani ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ta amsa: "A'a, mai sunan Baba, kai ne da ranar nan? Shigo mana." Sai ƙarar faɗuwar kwano.

"Magana ta ƙare," ma'aikaciyar ta ce. "Wa ke da sunan mahaifinku?"

Na dafe kai. Hansatu akwai tarbiyya, ba ta taɓa furta sunan ubanta ba. Shi kuwa mahaifinmu, Malam Zubairu, liman ne, duk wanda ya samu ɗa namiji a unguwar sai ya yi masa takwara.

"A sake kunnawa, 'yata."

"Sau ɗaya bango ke faɗa, Baba. Na gaba!"

Na fito da buhun garin ƙasa, don na'urar ta riga ta niƙe bangon. Maƙwabcina Zubairu, wanda ya kawo ni a babur, ya taso yana murmushi.

"To, an dace?"