Ƙwayar Tabawa

Tun da akwatin magani ya shiga gidaje, mutanen zamani suka daina dubiya sai a asibiti. Sankarar ƙwan mahaifar Tabawa ta dawo, amma ƙwaya aka rubuta mata. Akwatin da ke bangonta ke sako mata ita kullum, ya ce, "Sannu da jiki."

Maƙwabciyarta Kande, mai irin ciwon, ta dawo daga ƙarin ruwa a asibiti, gashi duk ya zube, mata na biye da ita da kwanukan kunu.

"Yaya, ke kam kin huta da allura," in ji Kande.

"Na huta da mutane dai."

Washegari akwatin ya sako ƙwayar. Tabawa ta tura ta ƙarƙashin tabarma, inda wasu shida ke kwance, ta ɗaure kayan asibitinta, ta zauna jiran ciwon ya kai ta can.