Duwatsun da Mai Famfo Ya Wanke

Kai da ka gaji wuri jiya-jiya kake ta share-share, zauna in ba ka misali. An yi wani mai aikin famfo, gwani ne, in ya haɗa bututu ko ɗigo ba ka gani. Yana da wa da ya yi zaman Ikko, ya dawo da wata ɗabi'a da mutanen unguwa ke wa dariya: kiwon kifin teku a akwatin gilashi. Kifaye biyu ne ƴan mitsi-mitsi, ruwan goro da ratsin fari, ba su isa miya ba, amma kullum bayan la'asar yana gabansu yana musu hira. Da Allah ya yi wa wan rasuwa, matarsa za ta koma gidansu, ta ce da mai famfo ya ɗauki kifin, don ba abin da mamacin ya bari da ya fi so kamarsu. Ya karɓa yana hawaye, ya ƙudura a ransa cewa muddin suna motsi, Yaya bai gama barin gidan ba.

To, da ya dubi tsohon akwatin sai kunya ta kama shi. Gilashi ya dushe, duwatsun ciki duk gansakuka da yauƙi, ga ƙarni. Haba, kifin Yaya a wannan ƙazanta? Ya yanko sabon gilashi, ya ja bututu, ya ɗaura injin da ke juya ruwa, ya auna gishirin teku daidai yadda ya ga wan yana yi. Tsohon ruwa ya sheƙar a kwata. Duwatsun kuwa ya sa musu soso da sabulu, ya dirje su tas, ya shanya a rana har suka yi fari ƙal. Ran nan da yamma ya saki kifin cikin ruwa garai-garai, maƙwabta na sa albarka. Ba a jima ba ruwan ya fara yin fari kamar an wanke shinkafa a ciki, kifin suka daina cin abinci, suka hauro sama suna buɗe baki. Bawan Allah ya rasa ta inda zai kama. Ya bi bututu gaɓa-gaɓa, ba yoyo. Ya ce ko gam ne, ya sauya gam. Ya ɗanɗana ruwan, ya ƙara gishiri, ya dawo ya rage. Har bakin mutane ya zarga, ya rufe akwatin da zane. Abu ɗaya ne bai taɓa zargi ba, wato tsabtarsa, don haka duk sanda ruwa ya gurɓace sai ya kwashe duwatsun ya sake dirje su. Wata safiya ya tarar da kifi guda ya mutu, ya juya ciki sama. Ya tsaya da soso a hannu, ya kasa gane laifin me ya yi, shi da bai huta ba ko yini ɗaya.

Sai ya je wurin matar wan, ya zayyana mata duk wahalar da ya sha. Ta ce, "Ƙanina, yayanka bai taɓa sa wa duwatsun nan sabulu ba. Cewa yake yauƙin nan rai gare shi, shi ke cinye kashin kifin kafin ya zama guba." Ta ce ko da ya kafa akwatin farko, makonni ya bar injin yana juya ruwa da duwatsu ba kifi ko ɗaya, wai sai ruwan ya nuna, ita har tana masa tsiya yana kiwon dutse. Mai famfo ya taso da sauri yana tunanin inda zai samo tsohon dutse mai yauƙi ko guda, alhali duk garin babu irinsa sai waɗanda ya riga ya wanke da hannunsa. Ya isa gida ya yaye zanen. Inji na aiki, bututu ba ɗigo, duwatsu fari tas, kifi na biyun yana kwance a kansu ba motsi. Ranar ya yi kukan da ya fi na ranar jana'iza.

Saboda haka kafin ka kankare abin da ka tarar, tambayi aikin da yake yi. Hausawa suka ce garin neman gira akan rasa ido.