Katangar Arewa ta Gidan Puyvarel

Baba Firmin ya sauke dutse na huɗu daga bayan tarakta, ya cire hularsa ya tsaya. Gauthier Lescure ya taɓa dutsen da bakin takalminsa, ya sunkuya ya dubi sassaƙar. Ta hannu ce, irin ta mutanen da. Ya tambaya daga ina aka ciro shi, tsohon ya ce daga garken aladun surukinsa.

"Garken aladu," in ji Gauthier. "Dutsen da sarakai suka jingina da shi. Ku dai ba ku da ta ido."

"Haka muka tarar, ranka ya daɗe."

Shekara biyu ke nan da Gauthier ya baro Paris ya sayi kangon gidan sarautar Puyvarel da arzikin da ya tara wajen sayar da kayan banɗaki. Tun daga ranar ba a sake jin kalmar banɗaki a bakinsa ba. Ya karanta littafi uku a kan ginin mutanen da, sai ya sallami masanin da aka haɗa shi da shi, don a ganinsa ya riga ya wuce shi. A littattafan ne ya gano abin da kowa a garin ya sani tun yana goye: tun da aka kori masu gidan a zamanin juyin juya hali, duk mai son gina tanderun burodi ko rumbu nan yake zuwa ɗibar dutse. Shekara ɗari biyu ana yi, har hasumiyar gaba ta ƙare ƙaf.

Sai ya liƙa takarda a ƙofar coci cewa duk mai dutsen gidan ya dawo da shi, za a biya shi, kuma an yafe masa, don yana so ya sake gina hasumiyar da duwatsunta na asali. Mako uku ba wanda ya kawo ko tsakuwa. A na huɗu Firmin ya zo da tarakta, daga nan sauran suka biyo baya.

Gauthier ya raina su, bai kuma ɓoye ba. A wurinsa jikokin ɓarayi ne masu warin cuku da taki, waɗanda ba su san bambancin tarihi da bulon siminti ba. In ya yi baƙi daga birni, ta taga yake nuna musu su. Abin da ya fi ba shi dariya shi ne arhar da suke yi masa, dutse mai shekara ɗari takwas a kuɗin da bai kai na abincin rana ba. Suna kawo shi a jiƙe, da gansakuka a jiki, ko wankewa ba sa yi. Ya taɓa tambayar Firmin me ya kakkarce masa hannuwa haka, tsohon ya ce aikin gona ne.

Hasumiya ta tashi, amma ba ita ce madogararsa ba. Hukumar adana kayan tarihi ba ta sa gida a rajistarta saboda sabon gini, komai kyansa. In kuwa ba ta sa ba, babu tallafin gyaran rufi, ga ruwa yana zuba har ɗakin kwanansa, ga shi ya riga ya cika baki a Paris. Abin da zai sa a karɓe shi ita ce katangar arewa, wadda ita kaɗai ta rage a tsaye daga ginin farko. Tana can bayan gida a kan gangaren kogi, sarƙaƙiyar ƙaya ta toshe hanyarta. Sau ɗaya ya gan ta, ranar da ya zo sayen gidan. Firmin ya ce masa wurin macizai ne, shi kuwa da ma ba mai son ɓata takalmi ba ne. Ya bar ta sai ƙarshe, kamar tsokar da ake ajiyewa a gefen kwano.

Ran Talata Madam Carrère ta hukumar ta iso, wata gajeriyar mace da takalmin roba. Gauthier ya dube ta sama da ƙasa, ya yi mamakin irin mutanen da gwamnati ke ba aiki. Ya kwashe labarin duwatsun duka ya ba ta, har da na garken aladu. Ita dai ta daɗe a gindin hasumiyar tana shafa gini. Ta ce duk sassaƙar hannu ɗaya ce, kuma ba ta ga baƙin hayaƙin tanderu ko ɗigon siminti a ko ɗaya ba. Gauthier ya ce ai shi ya iya zaɓe.

Ta ce a kai ta katangar arewa. Ya aika a kira Firmin ya share hanya, aka ce tun jiya ya tafi ganin 'yarsa a Limoges. Dole ya ɗauki adda da kansa, yana sara yana tsaki. Bai yi taku ashirin ba ƙayar ta ƙare, sai ga fili fetal da sawun tayar tarakta ya hauro daga bakin ruwa. Yana tsaye yana kallon kogi daga inda bai kamata a hango kogi ba. Tushen katangar kawai ya rage, bai kai gwiwa ba.

Ya ce an sace masa katanga, yau sai ya sa an kama garin duka. Madam Carrère ta durƙusa ta shafa dutsen tushen, sannan ta ɗaga kai ta dubi hasumiyar da ta leƙo ta saman rufi.

"Ba wanda ya tafi da ita, yallaɓai," ta ce. "Ga ta can a ƙofar gidanka. Katangarka ka yi ta saye, dutse bayan dutse."