Darasin Kwance Noti

Malamin fasaha na shigowa aji ya tarar da teburinsa cike da ƙarafa, an wanke su da kananzir suna ƙyalli, an jera kamar tumatir a kasuwar Kafanchan. Zangon nan kaf wa'azinsa ɗaya ne: kada ku yarda da ƙirar kowa sai kun kwance ta, kun auna, kun tambayi dalilin kowane noti.

Yau dai wa'azi ya shiga.

"Sa, mun gano abin da ya sa haƙoran gaba suka fi na baya yawa," in ji monitar aji, tana ɗaga sarƙar keke. "Amma mai keken bai taɓa ɗiga mata mai ba."

"Sakarai ne!" in ji malam. "Irinsu ke sa maƙera hawan jini."

Ya zuba wa kowa maki ba rowa.

Da aka tashi, ya nufi gindin mangwaro inda yake ɗaure kekensa. Kwaɗo na nan a kulle, yana rungume da tayar gaba ita kaɗai.

"Sa," in ji monita daga bayansa, "haɗawa kuma ai ka ce sai zango mai zuwa."