Kwalba Ta Bakwai

Tsutsotsin da aka ɗiga wa ruwan kwalba ta bakwai sun daina motsi tun kafin a cika awa biyu. Farfesa ya leƙa farantin da suke ciki har sau uku, ya ɗago baki har kunne.

Shekara tara yana fama da wani ganye da ya rantse zai kashe tsutsar ciki. Yau kwamiti ya zo ya ga ko aikin zai ci gaba, ko a karɓe masa ɗakin gwajin. Ƙa'idar ita ce kwalabe goma masu lamba kawai, sunayen magungunan suna cikin ambulan a liƙe, don kada son rai ya shiga. Mai haɗa su wata ma'aikaciya ce da ake kira Mai Turmi, don ta ƙi injin niƙa, sai wani tsohon ƙaramin turmi da ta zo da shi daga gida. Ko gaisuwarta Farfesa bai cika amsawa ba.

Ana cikin jira, ya ba baƙi labarin da ba ya gajiya da shi. Wai shekarun baya wata tsohuwa mai sayar da sassaƙe ta kawo masa maganinta na tsutsar ciki, ya tafasa ya gwada, ya rubuta a jarida cewa ruwan wanki ya fi shi amfani. Kasuwa ta ɗauka da tsiya, tsohuwa ta shige ɗaki, ba a sake ganinta ba. Kowa ya yi dariya. Mai Turmi tana ta goge tebur kamar za ta kankare fentinsa.

"Ta bakwai tawa ce, ko ba a buɗe ba," in ji Farfesa. "Ku rubuta ban taɓa ganin magani kamarsa ba."

Suka rubuta, ya sa hannu da gadara.

Shugaban kwamiti ya yage ambulan. Ganyen Farfesa shi ne na uku, inda tsutsotsi ke iyo abinsu kamar an ba su shayi. Ta bakwai kuwa, sassaƙen tsohuwar nan ne.

"Ba zai yiwu ba," in ji Farfesa. "Da hannuna na tafasa shi."

"Ai ba a tafasa shi, ranka ya daɗe," in ji Mai Turmi. "Jiƙa shi ake yi a ruwan sanyi. Sau uku ta faɗa maka, kana ta duba agogo."

"Ke ya aka yi kika sani?"

Ta ɗauki turmin ta rungume, ta dube shi ido cikin ido.

"Shekara ashirin ina jiran sa hannun nan naka, tun ranar da baƙin cikinka ya kashe min uwa."