Koren Idon da Ke Wayar Alhaji Tasi'u

Tun da aka hana kowa shiga mota sai da manhajar Sawu a wayarsa, mutum na ganin duk inda danginsa suke. Alhaji Tasi'u dillalin shanu bai taɓa ƙin wanda ya roƙi ya sa shi cikin danginsa a manhajar ba. Da wane ido zai ce wa suruki a'a, ko wanda ya zo masa ta'aziyya?

Makon jiya aka ɗauke ƙanensa a hanyar kasuwa, daidai inda ya tsaya salla. Har yau shiru.

Alhaji ya je ofishin Sawu, ya ajiye wayarsa gaban wata ma'aikaciyar kamfanin. Ɗan koren ido na ƙiftawa a samanta, alamar wani na duba inda yake.

"'Yata, wa ke kallona?"

"Ba ma faɗa, Baba. Sirrin mai dubawa ne."

"Ni ba ni da sirri ke nan?"

"Ai da hannunka ka amince da su."

"To, cire su duka!"

"Zan cire. Amma kowa zai sami saƙo cewa ka cire shi. Kuma har da ƙanenka. Ko an kunna wayarsa, ba za ka ga inda take ba."

Alhaji ya daɗe yana kallon idon. Sannan ya mayar da wayar aljihu, ya miƙe.

Ma'aikaciyar ta saci kallon allon kwamfutarta, ta ga inda mai dubawar yake, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, don Allah kada ka koma ta hanyar da ka zo."